Jeronimo a bakin Bature, da yadda nake mayar da shi Hausa

Aikina fassara ne daga Turanci zuwa Hausa: labarai, da rubutun da ke bi ta ƙasan fim, da kuma muryar da ake ɗora wa fim. A cikin sunayen mutanen da suka rikiɗe suka zama kalma a bakin Turawa, babu wanda ya ba ni aiki kamar Jeronimo, jagoran yaƙi na al'ummar Apaci, 'yan asalin Amurka. Tun daga furuci matsalar take farawa. Turawa da harafin G suke rubuta shi, Geronimo, amma da J suke furtawa, su kuma danna gaɓa ta biyu: Je-RO-ni-mo. Masu Sifaniyanci, waɗanda daga bakinsu sunan ya fito, da sauti mai kama da H suke farawa. Mai karanta labarai da ya ga G ya furta shi kamar yana kiran gero, ya riga ya yi tuntuɓe tun bai kai ga ma'ana ba. Shi ya sa da J nake rubuta shi a duk takardar da za a karanta a rediyo, G kuwa sai inda mai karatu zai so ya nemi sunan a intanet.

Babban kuskuren yana gaba. Mu Hausawa mun saba da sunan mutum ya zama sunan halinsa. In an ce wane Fir'auna ne, an gama magana, azzalumi ne. In an ce Ƙaruna, dukiya ce da girman kai. Turawa ma suna da irin wannan: sunan Quisling, wanda ya haɗa kai da 'yan Nazi a Norway a 1940, ya zama kalmar maci amanar ƙasa, sunan Kyaftin Boycott na Ayalan, wanda manoma suka ƙaurace wa a 1880, ya zama kalmar ƙauracewa. Waɗannan biyun har ƙaramin baƙi ake fara rubuta su da shi yanzu, alamar sun daina zama suna. To sai mai fassara ya duba littafi ya ga an kwatanta Jeronimo da jagoran yaƙin sunƙuru marar tausayi, ya ɗauka duk inda sunan ya fito rashin tausayi ake nufi. Ni ma da wannan zaton na fara, kuma bai kai ni ko'ina ba. A Turancin yau ba a cewa wane Jeronimo ne don a nuna mugu ne. In Bature yana son faɗin haka, Hitila zai kira, ko Atila, sarkin yaƙin da ya addabi daular Rum. Sunan Jeronimo wata hanya dabam ya bi: ya zama ihun da mutum yake yi lokacin da zai yi tsalle daga wuri mai tsawo.

Sai an san mutumin kafin a gane nisan wannan tafiya. Sunansa na yanka a harshen Apaci Goyaale ne, wato mai hamma. Ɗan reshen Bedonkohe ne na Apacin Cirikawa, mutanen duwatsun da ke tsakanin Arizona da Sabuwar Meziko da arewacin ƙasar Meziko. Kalmar Cirikawa ta yi kama da jam'in Hausa irin na Kanawa da Katsinawa, amma dacen sauti ne kawai, kada a cire "wa" a ce "Baciriki". Shi da bakinsa ya ce a 1829 aka haife shi. Abin da ya juya rayuwarsa ya faru ne kusa da garin Janos a jihar Chihuahua, lokacin da sojojin Meziko daga jihar Sonora ƙarƙashin Kanar José María Carrasco suka afka wa sansaninsu, maza sun tafi ciniki cikin gari. Aka kashe mahaifiyarsa da matarsa Alope da 'ya'yansa uku. A nan mai fassara zai ci karo da shekaru biyu. Tarihin rayuwarsa da ya shifta wa S. M. Barrett, wanda aka buga a 1906, ya ce 1858. Masana da suka bi takardun hukumomin Meziko sun tsaya a kan Maris 1851. Ni 1851 nake sawa, sai in rubutun da nake fassarawa yana ɗauko maganarsa ce kai tsaye. Kuma tun shekarun 1830 jihohin Sonora da Chihuahua suna biyan lada a kan fatar kan Apaci. A Chihuahua kuɗin ya kai peso 100 na namiji, 50 na mace, 25 na yaro.

Bayan wannan ya shafe sama da shekara talatin yana kai hari yana ɓacewa cikin duwatsu. Ba ni da niyyar wanke shi: shi da mutanensa sun kashe manoma da makiyaya da matafiya, har da mata da yara, a ɓangarorin iyaka biyu, kuma a littafin nan nasa bai ɓoye yawan 'yan Meziko da ya kashe ba, bai kuma nuna nadama a kansu ba. Sau uku yana tserewa daga keɓaɓɓen yankin San Carlos da hukumar Amurka ta tsugunar da su, na ƙarshe a Mayun 1885. A wancan karon sojoji kusan 5,000, wajen kashi ɗaya cikin huɗu na sojojin ƙasa na Amurka a lokacin, suka bazama neman ayarin da bai kai mutum 40 ba, da mata da yara a ciki. Ya miƙa wuya ga Janar Nelson Miles a kwazazzabon Skeleton a Arizona ranar 4 ga Satumba 1886. Aka kwashe su a jirgin ƙasa zuwa Florida, daga nan Alabama, daga nan barikin Fort Sill a Oklahoma a 1894. Ba shi kaɗai da ayarinsa ba, kusan duk Cirikawa, har da waɗanda suka yi wa sojan Amurka aikin bin sawu suka taimaka aka gano shi. Shekara 27 suka yi a matsayin fursunonin yaƙi. Shi kuwa aka riƙa fita da shi ana nuna wa jama'a: bajekolin duniya na St. Louis a 1904, inda yake sayar da hotonsa da sa hannunsa, da faretin rantsar da Shugaba Theodore Roosevelt a 1905. Ya rasu ranar 17 ga Fabrairu 1909 da ciwon huhu, bayan ya faɗo daga kan doki ya kwana cikin sanyi.

Sunan Jeronimo kansa laƙabi ne da 'yan Meziko suka sa masa, kuma sunan Sifaniyanci ne na waliyyin Kirista Jerom. Labarin da aka fi yaɗawa shi ne sojoji ne suke kiran waliyyin ya cece su a tsakiyar faɗa, sunan ya manne wa wanda suke tsoro. In na kawo wannan, da "an ce" nake kawo shi.

Ihun ya samo asali ne shekara 31 bayan rasuwarsa. A 1940 sojan Amurka ya kafa rukunin gwaji na sojojin laima a barikin Fort Benning da ke Jojiya, suka yi dirarsu ta farko daga jirgi ranar 16 ga Agusta. Labarin da tsofaffin rukunin suka bayar shi ne, daren jajibirin wata dira sun je sun kalli fim ɗin kaboyi na 1939 mai ɗauke da sunan Jeronimo. Abokai suka tsokani wani farabiti, Aubrey Eberhardt, cewa gobe tsoro zai sa ya manta ko sunansa. Ya ce su saurara, zai ƙwala kiran Jeronimo da zarar ya fita daga ƙofar jirgi don su san hankalinsa na jikinsa. Ya kuwa yi. Sauran suka ɗauka, har bataliya ta 501 ta sa sunan a tambarinta ya zama takenta. Wata runduna, ta 506, ta zaɓi nata ihun, Currahee, sunan dutsen da suke gudu a kai wurin horo a Jojiya. Wannan bai fita daga bariki sosai ba, amma Jeronimo ya bi finafinai da zanen barkwanci na yara ya shiga kowane gida. Akwai wani labarin da za ka tarar a intanet, wai shi Jeronimon ne ya yi tsalle da doki daga kan wani tsauni a Fort Sill yana kiran sunansa. Almara ce. Yana da shekara sittin da wani abu aka kai shi can, kuma fursuna.

Abin da ya kamata mai fassara ya riƙe shi ne, yaron da ya ruga ya faɗa tafkin wanka yana ihun wannan suna, sau da yawa bai ma san akwai wani mutum mai suna haka ba. Ba ya kiran kowa, ba ya zagin kowa, ba kirari yake yi wa Apaci ba. Yana cewa ne ga ni nan, na saki jiki, babu komawa.

Kafin in taɓa kalmar, abubuwa uku nake dubawa. Ita kaɗai take tsaye da alamar motsin rai, ko tana cikin jimla da aikatau a bayanta? Mai maganar yana shirin barin ƙasa ne, ko shirin aikata abin da ba ya warwaruwa? Sannan jimlar da ke biye tana wasa da sunan? In ita kaɗai ce kuma ƙafa na shirin barin ƙasa, ihun ne, kuma a mafi yawan lokuta cire sunan nake yi gaba ɗaya. Na gwada barinsa. Abin da ke faruwa shi ne mai kallo ya ɗauka akwai wani Jeronimo a cikin fim ɗin, ya zauna jiran fitowarsa, hankalinsa ya rabu biyu a daidai wurin da ake son ya ji faɗuwar gaba.

Me za a sa a madadinsa? Abin da ya fara zuwa bakin kowane Bahaushe shi ne Bismillah, domin shi muke faɗa in za mu tsallaka rami ko mu hau mota. Na gwada, na janye. Ihun Turancin babu addu'a a cikinsa, kuma wanda ke yinsa a fim yana iya zama mashayi ne da zai faɗa ruwa da kwalba a hannu. Sa masa sunan Allah a baki a wannan hali ɓata wa masu kallo rai ne, kuma ƙarya ce a kan halin ɗan wasan. "Ko a mutu ko a yi rai" ya dace da ma'ana in haɗarin na gaske ne, amma gaɓa takwas ne, Jeronimo kuwa huɗu. A rubutun ƙasan fim babu damuwa, tunda layi ɗaya yana ɗaukar harafi 37 zuwa 42. A ɗora murya kuwa bakin ɗan wasa zai rufe kana tsakiyar magana. Na daɗe ina amfani da "Ga ni nan fa!", gaɓa huɗu cif, sai na lura in kyamara ta matso kusa, leɓen ɗan wasa a zagaye yake yana jan "ooo", ni kuma ina ƙarewa da "a". Wanda ya zauna daidai shi ne "Ga ni na zo!" Gaɓa huɗu, ya ƙare da o, ana iya jan sa har mutum ya kai ƙasa, kuma abin da yaro zai iya faɗa ne a bakin kududdufi.

Akwai amfani na biyu da ya fi wannan laushi. Mutum yana zaune gaban kwamfuta, ya rubuta takardar ajiye aiki, yatsansa na kan maɓallin aikawa, sai ya ce Jeronimo a hankali, babu ihu. Ko likita kafin ya fara wani aiki mai haɗari. A nan tsallen na zuci ne. "To, a yi ta ta ƙare" nake sawa, wani lokacin "ta faru ta ƙare" in an riga an danna. Karin maganar nan ta in ta yi ruwa rijiya tana jan hankali, amma ta yi tsawo, kuma tana mayar da mai magana dattijo mai nazari alhali shi rufe ido ya yi ya faɗa.

Wuri biyu kawai nake barin sunan a matsayin ihu. Na farko, fim ko labari a kan sojojin laima na Yaƙin Duniya na Biyu, inda kalmar take ce ta runduna, tana jikin tambari. Na biyu, inda wani zai amsa da tambayar wane ne Jeronimo, ko ya mayar da wani suna. Nan in ka cire shi, jimlar gaba ta mutu.

Inda aikin ya fi nauyi shi ne labarin kisan Usama bin Laden a Abbottabad ta Pakistan, ranar 2 ga Mayu 2011. Saƙon da sojojin Amurka suka aiko daga gidan da suka kai wa farmaki shi ne sunan Jeronimo da haruffa huɗu, EKIA, waɗanda ke nufin an kashe maƙiyi a fagen daga. A kwanakin farko kafofi da yawa sun rubuta cewa sunan farmakin ke nan. Ba haka ba ne, sunan farmakin Neptune Spear, wato mashin Neptune, gunkin teku na Rumawan dā. Saura tambayar ko Jeronimo laƙabin sirri ne na shi Bin Laden, ko kuwa kalmar da aka ware don sanar da cewa an kai matakin kama shi ko kashe shi. Shugaba Obama a hirar talabijin ya ce laƙabin Bin Laden ne. Wasu bayanan daga ɓangaren soja sun ce kalmar mataki ce, mutumin kuma Jackpot ake kiransa. Mai fassara ba shi ne zai raba wannan gardama ba, kuma bai kamata ya zaɓi ɓangare a ɓoye ba. Jimlar da na tsaya a kanta ita ce "kalmar sirrin da sojojin suka yi amfani da ita wajen sanar da cewa sun cim masa". Ko wanne bayani ne gaskiya, wannan jimla ba ta yi ƙarya ba.

Bambancin yana da muhimmanci saboda abin da ya biyo baya. Jeff Houser, shugaban al'ummar Apaci ta Fort Sill a lokacin, ya rubuta wa Obama yana neman a ba su haƙuri. Kwamitin majalisar dattawa mai kula da al'amuran 'yan asalin ƙasar ya tattauna batun a zamansa na 5 ga Mayu. Hujjar Apaci a fili take: mutumin da suke gani a matsayin wanda ya tsaya kare ƙasar kakanninsa, an haɗa sunansa da wanda Amurka ta fi ƙi a duniya, alhali 'ya'yansu suna cikin sojan Amurkar da yawa. Ni ina ganin suna da gaskiya. Kuma a nan ne kaɗai tsohuwar ma'anar, ta maƙiyin da aka daɗe ana farauta cikin duwatsu, ta leƙo a Turancin zamani. Wanda ya san ihun tafkin wanka kawai ba zai gane dalilin fushin ba, wanda ya san tarihin kawai ba zai gane yadda sojan da ya zaɓi kalmar zai iya cewa bai nufi cin mutunci ba.

Sauran wuraren da sunan ke fitowa ba su da zurfi, amma suna kayar da mai gaggawa. Gerónimo Rulli, golan Ajantina da ya ci bugun fenariti ya kuma tare na David de Gea lokacin da Villarreal ta doke Manchester United 11 da 10 a bugun fenariti na wasan ƙarshe na kofin Europa a 2021, sunansa na yanka ne na Sifaniyanci, da H ake furta shi, ba ruwansa da Apaci. A ƙarshen Agustan 2021 jaridun Ingila sun cika da labarin an kashe Jeronimo: wata dabbar alfaka ce, 'yar uwar raƙumi marar tozo, da hukuma ta kashe saboda gwaji ya nuna tana da tarin fuka na shanu. Akwai Geronimo Pratt na ƙungiyar Black Panther ta 'yan gwagwarmayar baƙar fata a Amurka, wanda ya yi shekara 27 a kurkuku kafin kotu ta soke hukuncinsa a 1997, ya rasu a Tanzaniya a 2011. Akwai kuma manhajar kwamfuta mai suna Apache Geronimo. Karanta sakin layi biyu kafin a fara fassara kanun labari yana maganin duk waɗannan.

Na bar siffofi zuwa ƙarshe don su ne suka fi cin lokacina. In rubutun Turanci ya kira shi ruthless, abin da ke zuwa baki shi ne "marar imani". A Hausa wannan na nufin marar tausayi, amma yana jan wata inuwa ta addini da babu ita a asali, musamman a kan mutumin da ba Musulmi ba. "Marar tausayi" ko "mai ƙeƙasasshiyar zuciya" sun fi tsabta. Kuma ina jingina siffar ga mai ita: jaridun Arizona na lokacin ne suka kira shi haka, ko marubucin da nake fassarawa. Kalmar guerrilla asalinta Sifaniyanci ce, ƙaramin yaƙi, daga turjiyar da mutanen Sifen suka yi wa sojojin Napoleon tsakanin 1808 da 1814. Salon faɗa take nunawa, ba ta yanke hukunci. "Yaƙin sunƙuru" ko "sari-ka-noƙe" su ne daidai da ita. "Ɗan ta'adda" da "ɗan bindiga" kuwa, a kunnen mai sauraro na yau suna ɗauke da hoton abin da ke faruwa a dazukanmu, za su sa ya yanke wa mutumin 1886 hukuncin 'yan fashin daji. "Ɗan tawaye" ma da gyara, domin tawaye sai ga hukumar da ka taɓa yi wa mubaya'a, Cirikawa kuwa Amurka ce ta same su a ƙasarsu bayan yaƙinta da Meziko.

Kada a ce masa sarki. Turawa da yawa suna kiransa chief, amma bai taɓa riƙe sarautar Cirikawa ba. A ayarin ƙarshe Naiche ne mai sarauta, ɗan Cochise, shahararren sarkin Cirikawa. Jeronimo jagoran yaƙi ne da mutanensa suka yarda yana da baiwar hangen abin da ke tafe da ta warkarwa. "Boka" ba ta dace da wannan ba, don tana ɗauke da zargin tsibbu da damfara. Haka nan "Indiyawan daji" da muka gada daga finafinan kaboyi: rabin masu sauraro za su tafi ƙasar Indiya, sauran kuma su ji "daji" su ɗauka mutanen banza ne. "'Yan asalin Amurka" nake cewa, ko in kira al'ummar da sunanta. Wani abokin aiki ya taɓa ba ni shawarar in kwatanta shi da Rabe don mai sauraro ya gane da sauri. Ban karɓa ba. Rabe da runduna ya zo daga gabas ya ci Borno ya kafa mulki a Dikwa, Jeronimo kuwa da mutane 'yan ƙalilan yake gudu a cikin ƙasar da aka haife shi. Kwatancen zai ba da hoto da sauri, amma hoton wani ne.

In labari ya kawo sunan kuma daƙiƙa goma sha biyar kawai nake da su na bayani, ga abin da nake karantawa: "Jeronimo jagoran yaƙi ne na al'ummar Apaci, 'yan asalin Amurka, wanda ya yi shekaru yana yaƙin sunƙuru da sojojin Meziko da na Amurka har ya miƙa wuya a 1886, ya rasu yana fursuna a 1909." In da sauran daƙiƙa biyar, sai in ƙara cewa ya roƙi Roosevelt a bar shi ya koma Arizona aka hana, kabarinsa yana Fort Sill har yau.